Idan Manhaja Za Ta Zana Maka Na'ura, Wa Ya Cika Mata Rumbu?

Ƙwan kaza yana son kwana 21 kafin ya ƙyanƙyashe. Yana son ɗumi wajen digiri 37 da rabi a ma'aunin Salshiyas, da danshi daidai gwargwado, kuma yana son a riƙa juya shi sau da yawa a yini har zuwa kwana na 18, don kada ɗan tsakon ya manne da ɓawo. Kaza tana yin duk wannan da ƙirjinta da bakinta. Matar da ta shekara goma tana kiwon kaji ita ma ta san shi, ta ma fi injiniyoyi da yawa saninsa. A ce yau tana son akwatin da zai yi mata wannan aiki, daidai girman lungun da take da shi, mai tafiya da batirin sola, domin na kasuwa ko dai ya yi mata tsada ko kuma yana son wutar da ba ta zama. Ta san abin da take so sarai, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da ba ta sani ba shi ne wane moto zai iya karkata farantin ƙwan, giya mai haƙora nawa za ta rage masa gudu, wace waya ke shiga ina, da kuma harshen da ake gaya wa ƙaramar kwamfuta cewa duk bayan awa biyu ta juya faranti.

Fiye da shekara goma ke nan wasu masu bincike a Amurka da Turai suna neman cike wannan giɓi da manhaja. Burinsu shi ne mutum ya faɗi aikin da yake so na'ura ta yi, manhaja kuma ta fito masa da zanen jikin na'urar, da tsarin wayoyinta, da umarnin da za a loda mata, da jerin kayan da zai saya, da yadda zai harhaɗa su. Na daɗe ina bibiyar wannan aiki, kuma ina son ya kai gaci. Sai dai akwai maganar da ake yawan yi a kansa wadda ban yarda da ita ba, cewa nan gaba ba a bukatar gwani. Gwanintar tana nan daram. Kwashe ta aka yi daga kan mutane aka zuba a cikin manhajar, saboda haka manhajar ba za ta san komai ba sai abin da aka zuba mata.

Irin na'urar da matar nan take so ita ake kira mekatironiks. Wani injiniyan kamfanin Yaskawa na Japan, Tetsuro Mori, shi ya ƙirƙiro kalmar a 1969, ya haɗa sunan ilimin injina da na lantarki. Yau ana nufin duk na'urar da ta haɗa abu uku: jiki mai motsi, da wutar da ke motsa shi tare da sensa masu jin abin da ke faruwa, da ƙwaƙwalwar da ke yanke shawara. Injin wanki, firintar ofis, ƙofar banki mai buɗe kanta, jirgi mara matuƙi, duk 'yan gida ɗaya ne. Kowane ɗaya daga cikin ukun sana'a ce mai zaman kanta, amma inda suka haɗu nan ne ake shan wuya.

A ce matar ta ƙara ƙwai daga 60 zuwa 120. Faranti ya kai wajen kilo bakwai ban da nauyin ƙarfensa. Ƙaramin moton da aka fara zaɓa ya gaza, sai a nemi babba. Babban yana jan wuta da yawa, kuma allon Arduino, wato ƙaramar kwamfutar da ke zama ƙwaƙwalwar akwatin, ba zai iya ba shi ba, domin ƙafa ɗaya ta allon, inda ake jona waya, wutar miliamfiya 20 ake so a ja daga gare ta, alhali moton waifar mota yana jan ninki ɗari na haka ko fiye. Dole a sa rile, wato makunnin da ƙaramar wuta ke kunna babba da shi, ko makamancinsa a tsakani, batir ma ya ƙara girma. Duk lokacin da moton ya tashi, wuta takan yi ƙasa na ƙiftawar ido, ƙwaƙwalwar ta ɗauke ta dawo, ta manta ƙidayar awannin da take yi. Moton kuma yana fitar da zafi. In an ɗaure shi kusa da sensar da ke auna ɗumi, sai ya yaudare ta, ta kashe hita alhali ƙwan can ƙurya ya fara sanyi. Abu ɗaya aka canza, ya taɓa shida. Gwani yana hango wannan tun bai ɗauki sukudireba ba, domin ya ƙona moto da yawa a rayuwarsa. Ɗan koyo sai bayan kwana 21, ranar da ƙwai suka ƙi fashewa.

Matakin farko da aka ɗauka shi ne sauƙaƙa kayan aiki. A 2005, a wata makarantar zane da ke garin Ivrea na Italiya, Massimo Banzi da abokan aikinsa suka fito da Arduino, allo mai arha da ɗalibin da bai karanta lantarki ba zai iya loda wa umarni. A shekarar nan dai Adrian Bowyer na Jami'ar Bath a Ingila ya fara aikin RepRap, firintar 3D da kowa zai iya haɗawa, wadda take narka zaren roba tana ɗora shi sawu kan sawu har abu ya fito da jikinsa. Da wa'adin haƙƙin mallakar wannan dabara ya ƙare a 2009, farashin irin firintocin ya faɗo warwas. Wannan ba ƙaramin ci gaba ba ne. Amma duk wanda ya zauna shagon tela ya san cewa keke da zare da almakashi ba su ne ɗinki ba, yanka shi ne ɗinki. An ba mutane keke mai arha, ba a koya musu yanka ba. Manhajojin zanen injiniya da ake da su kamar farar takarda suke, za su zana duk abin da ka ce, ko da ba zai taɓa motsi ba.

Masu binciken sun ɗauki darasi daga tarihin kwamfuta kanta. Kafin 1957, mai son kwamfuta ta yi masa lissafi sai ya yi mata magana da harshenta na lambobi. A shekarar ne John Backus da tawagarsa a IBM suka fito da FORTRAN, tare da manhajar da ke aikin tafinta: ka rubuta lissafinka kusan yadda ka saba, ita ta juya shi zuwa harshen injin. Haka aka sake yi da ƙananan ƙwayoyin lantarki, waɗanda ke yin lissafi a cikin kwamfuta. A 1978 Lynn Conway ta koyar da wani kwas a MIT, jami'ar fasaha da ke Amurka, inda ɗalibai suka zana ƙwayoyinsu da kansu cikin zango ɗaya, bisa sauƙaƙan ƙa'idojin da ita da Carver Mead suka tsara. Tambayar da ta biyo baya a fili take: me zai hana a yi wa na'ura mai motsi irin wannan tafinta?

Aikin da ya fi nuna mini yadda abin yake tafiya shi ne wanda Stelian Coros da Bernhard Thomaszewski da abokansu suka gabatar a 2013 daga cibiyar bincike ta Disney da ke Zurich. Don a gane shi, a tuna da keken ɗinki na ƙafa. Tela yana taka feda sama da ƙasa, sanda ɗaya ta ɗauki wannan motsi ta mayar da shi juyawar babbar taya. Waifar mota akasin haka take yi, moto yana juyawa, sanduna suna mayar da juyin zuwa kai da komo. Da sanduna huɗu ko biyar da aka haɗa da ƙusoshi ana iya sa bakin sanda ɗaya ya zana siffofi iri-iri a iska, kamar ƙwai, ko lamba takwas, ko sawun ƙafar dabba. In an ba ka tsawon sandunan, gano siffar da za su zana lissafi ne mai sauƙi. In kuwa siffar aka ba ka aka ce nemo tsawon sandunan, ka shiga daji, domin ƙarin ɗan tsawo kaɗan a sanda ɗaya yana iya canza siffar gaba ɗaya, ko ya sa abin ya cije ya ƙi juyawa. Ɗan ƙasar Holan nan Theo Jansen, wanda tun 1990 yake ƙera manyan halittun bututun roba masu tafiya da iska a bakin teku, sai da ya bar kwamfuta tana gwada haɗe-haɗen tsayi tana zubar da marasa kyau kafin ya samu tsayi goma sha ɗaya da ƙafar halittunsa ke bukata.

Abin da mutanen Zurich suka yi shi ne, tun kafin mai amfani ya zo, sun sa kwamfuta ta gwada kowane irin haɗin sanduna da giya da ke hannunsu da tsayi daban-daban, ta adana siffar da kowanne ya zana. Mai amfani yana zuwa da hoton dabbarsa, ya ja layi da hannu ya ce ga yadda nake so ƙafar gaba ta riƙa tafiya. Manhaja ta duba ma'ajiyarta ta ɗauko siffar da ta fi kama da layinsa, sannan ta riƙa gyara tsayin sandunan kaɗan-kaɗan har siffar ta kusa hawa kan layin. Daga nan ta jera giyoyin da za su haɗa dukkan gaɓoɓi da moto ɗaya, ta tabbatar babu sandar da za ta bugi wata. Sun zana halittu goma, sun fitar da bakwai da firinta, kuma sun yi motsi. Mutumin bai san sunan ko sanda ɗaya ba. Amma a lura da abu ɗaya: duk motsin da babu makamancinsa a ma'ajiyar, manhajar ba ta da abin ba shi sai mafi kusa.

Bayan wannan abubuwa suka yi ta fitowa. A 2017 Adriana Schulz da Cynthia Sung da wasu a MIT suka nuna Interactive Robogami, inda mutum yake haɗa jiki da ƙafafu ko tayoyi daga rumbun sassa, manhaja tana gwada tafiyar nan take tana gaya masa in abin zai kife, sannan a fitar da shi a shimfiɗe a naɗe shi kamar kwali. A shekarar nan kuma masu bincike na kamfanin Autodesk suka kama ɓangaren wuta da wata manhaja mai suna Trigger-Action-Circuits. A nan mutum yana cewa ne kawai in kaza ya faru a yi kaza, misali in zafi ya wuce kaza fanka ta tashi, ita kuma ta kawo masa tsarin wayoyi fiye da ɗaya ya zaɓa, da umarnin Arduino, da matakan haɗawa.

Wanda ya fi burge ni shi ne aikin Ruta Desai a Jami'ar Carnegie Mellon da ke Pittsburgh a Amurka tare da Coros da James McCann a 2018, domin ya taɓo abin da sai wanda ya taɓa haɗa na'ura da hannunsa yake tunawa da shi. Kana iya zana akwati, batir da moto da allo duk su samu wuri a ciki, amma ranar haɗawa ka tarar moton ba shi da hanyar shiga tunda an riga an ɗaure batir, ko sukurun yana wurin da bakin sukudireba ba ya kaiwa. Kowane makanike ya san irin motar da sai an sauke abu uku kafin a kai ga noti ɗaya. Manhajar Desai tana neman mazaunin kowane sashi tare da hanyar da zai bi ya shiga da kuma wanda za a fara sawa, sannan ta zana maɗauran da za su riƙe shi. Wannan ilimin hannu ne aka mayar lissafi, kuma a ganina irinsa ne ya fi amfani ga ɗan koyo.

In aka buɗe cikin waɗannan manhajoji, kusan abu ɗaya ake tararwa. Akwai rumbun sassa, inda aka rubuta girman kowane moto da nauyinsa da ƙarfin murɗawarsa da wutar da yake ci da abin da zai iya haɗuwa da shi. Akwai filin gwaji na cikin kwamfuta, inda ake kwaikwayon nauyi da karo da santsi. Sannan akwai dabarar lalube, mai gwada dubban haɗe-haɗe tana ajiye na kirki. Wannan na ƙarshe shi ya fi jan hankalin 'yan jarida, kuma yana da abin nunawa. Da irinsa Airbus da Autodesk suka fito da bangon cikin jirgin A320 a 2015 wanda ya fi na da sauƙi da kashi 45 cikin ɗari, General Motors kuma a 2018 ta mayar da maɗaurin kujera mai sassa takwas ya zama guda, nauyinsa ya ragu da kashi 40. Sai dai a waɗannan wurare ƙwararrun injiniyoyi ne suka zauna suka gaya wa manhajar irin nauyin da abin zai ɗauka, ta wace fuska, sau nawa. Lalube ba ya wuce ingancin tambayar da aka ba shi.

Tun 1996 wani injiniya a MIT, Daniel Whitney, ya yi gargaɗin cewa zanen injina ba zai taɓa zama kamar zanen ƙwayoyin lantarki ba, kuma har yau ban ga an rushe hujjarsa ba. Ƙwayar kwamfuta saƙo take ɗauka, i ko a'a, da wuta 'yar mitsitsiya. Kowane sashinta aiki ɗaya yake yi, kuma an tsara shi yadda na gaba ba zai dame shi ba, shi ya sa ake iya jera miliyoyinsu kamar bulo. Sashin inji kuwa ƙarfi yake ɗauka. Sanda ɗaya tana juya taya, tana riƙe nauyi, tana ɗaukar zafi daga nan zuwa can, tana jijjiga, tana cinyewa a hankali. Abubuwan da ba a nema ba, wato zafi da jijjiga da lalacewa, girmansu yana kusa da girman aikin da aka nema. Ka sa moto a kan ƙarfe mai kauri ya yi lafiya, ka mayar da shi kan siriri ya riƙa rawa har noti ya kwance. Tafinta yana iya aiki inda kowace kalma ke riƙe ma'anarta duk inda aka sa ta. Sassan inji halinsu yana canzawa da maƙwabtansu.

Nan ne filin gwaji na cikin kwamfuta yake cin amanar wanda ya dogara da shi kacokan. A can ƙasa a shimfiɗe take, giya ba ta da lako-lako, batir ba ya tsufa, waya ba ta saki. Masu aikin mutum-mutumi sun san wannan tazara tun shekarun 1990, sun ga na'urar da ta iya tafiya a kwamfuta ta zo ƙasa ta kasa taku uku. Gwani yana ƙara wa lissafinsa rara saboda ya san duniya. Ɗan koyo in ya ga manhaja ta nuna kore, ya ɗauka magana ta ƙare. Shi ya sa nake ganin manhajar da ta fi cancanta a yaba ita ce mai faɗin abin da ta ɗauka a matsayin gaskiya: na ɗauka ɗakin bai wuce digiri kaza ba, na ɗauka wuta ba ta yankewa, in ba haka ba ne kada ka yarda da wannan zane. Kusan duk waɗanda na ambata gwaji ne na jami'a, an nuna su da kayan wasa da ƙananan mutum-mutumi, inda in abu ya karye ba a yi asarar komai ba sai roba. Kafin a kai ga abin da ke riƙe da jarin mutum ko lafiyarsa, wannan gaskiyar dole ta shiga cikin manhajar.

Mu koma ga mai kaji, mu ajiye ta a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai. Manhajar da aka gina a Pittsburgh ko Zurich in aka ce mata ƙwai na son digiri 37 da rabi, hita za ta kawo, domin a duniyar da ta sani ɗaki ya fi haka sanyi. A watan Afrilu a waɗannan garuruwa zafin rana yana wuce digiri 40, ɗakin kwano kuma ya fi waje. Matsalar a lokacin ita ce yadda za a sauke zafin, kuma na'urar da ba ta da abin yi sai kashe hita za ta zura ido ƙwai su dahu. Da hunturu kuma iska takan bushe ƙayau, ga ƙura mai shiga boris da haƙoran giya, alhali ƙwai yana son danshi wajen kashi 50 zuwa 55, ya ƙaru a kwana ukun ƙarshe. Robar da aka fi sa wa firintar 3D, wadda ake kira PLA, tana fara laushi a wajen digiri 60, kuma akwatin ƙarfe da aka bari a rana yana iya kaiwa nan. Giyar da ta yi kyau a kwamfuta sai ta lanƙwashe.

Sai batun kayan kansu. Rumbun waɗannan manhajoji cike yake da sassan da ake oda a intanet su iso ƙofar gida cikin kwana biyu, kowanne da takardar bayaninsa. Wanda ya shiga Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Katako a Yamai, wani rumbu zai gani dabam: moton waifa da na gilashin mota, fankar tsohuwar kwamfuta, sarƙa da giyar babur, ƙarfen kwana, falankin kwano, da mai walda da zai haɗa maka su kafin la'asar. Kaya ne masu ƙarfi, masu arha, kuma in sun lalace akwai madadinsu a rumfa ta gaba. Manhajar ba ta san da su ba, don haka a wurinta babu su. Za ta zana maka abin da sai ka jira kaya daga Chana, ka biya kuɗin jirgi da na kwastan, bayan abin da zai yi aikin yana nan bayan layinku.

Wannan ba laifin masu binciken ba ne, kowa da abin da ke gabansa yake aiki. Kuma ƙofar ba a rufe take ba. A 2020 Allan Zhao da abokansa a MIT suka fito da RoboGrammar, wadda take fara tambayar mutum sassan da yake da su a hannu da irin ƙasar da na'urar za ta taka, sannan ta nemo siffar da ta fi dacewa. A cikin kwamfuta aka nuna sakamakon, amma tsarin tambayar shi ne daidai: me kake da shi, ina za a yi aikin. An kuma ga abin da hannu ke iya yi a wannan yanki. Tun 2004 aka buɗe ɗakin ƙere-ƙere irin na Fab Lab a makarantar fasaha ta Takoradi a Gana, a Lome kuma Afate Gnikou na WoeLab ya haɗa firintar 3D a 2013 da tarkacen tsofaffin kwamfutoci da firintoci. Abin da ya rage aiki ne mara ƙyalli: wani ya ɗauki moton waifa na motocin da suka fi yawa a hanyoyinmu, ya auna wutar da yake ja in babu kaya da in an danne shi, ya auna gudunsa da ƙarfin murɗawarsa da tazarar ramukan ƙusoshinsa, ya rubuta a inda kowa zai samu. Ɗaliban sashen mekatironiks, irin na Jami'ar Bayero, suna iya yin wannan a matsayin aikin kammala karatu, kuma zai fi amfani su yi shi tare da masu walda da masu rewayin, waɗanda suka san wane moto ne ke jure zafi, wanne ne ke ƙonewa cikin wata uku. Da ɗan gari akan ci gari.

Akwai kuma wahalar da ko an cika rumbu ba za ta tafi ba, wato faɗin abin da ake so. Matar nan za ta ce a juya ƙwai duk awa biyu. Ba za ta ce in wuta ta ɗauke faranti yana tsakiyar karkata, idan ta dawo ya ci gaba daga inda ya tsaya ba. Ba za ta ce in wani abu ya tokare faranti moto ya tsaya kada ya ƙone ba, ko in sensa ta mutu a kashe hita maimakon a bar ta tana ci. Ba ta faɗa ba ne domin a wurinta waɗannan ba sa bukatar faɗa, duk mai hankali ya san su. Rabin aikin injiniya na gari shi ne tono irin waɗannan tambayoyi daga bakin mai abu. Manhajar da ke karɓar umarni kawai ta bar wannan rabin a ƙasa.

Wasu suna ganin manhajojin hira masu ƙirƙirarriyar basira, waɗanda suka bazu tun ƙarshen 2022, su ne za su toshe wannan kafa. Akwai gaskiya a ciki. Suna iya sauraron bayani da harshen yau da kullum, suna iya jefo tambayar da mutum bai yi tunaninta ba, kuma suna rubuta umarnin Arduino da sauri. Amma rauninsu kishiyar na waɗancan ne. Manhaja irin ta Desai ko ta Zurich abin da ta sani kaɗan ne, sai dai duk zanen da ta fitar ya bi ta lissafi. Manhajar hira ta san abu da yawa, amma tana iya cewa ka haɗa moto kai tsaye da ƙafar allo cikin natsuwar da take faɗin gaskiya da ita, ɗan koyo kuma ba shi da ma'aunin bambancewa. In akwai hita mai aiki da wutar gida a cikin akwatin katako, kuskure irin wannan gobara ce. Hanyar da nake ganin za ta ɓulle ita ce a haɗa su: ta hira ta zauna da mai kaji ta yi mata tambayoyi da Hausa har buƙatar ta fito fili, sannan ta miƙa wa mai lissafi ta zaɓi sassa daga rumbun da aka auna da gaske, ta gwada, ta ƙi amincewa da duk abin da ya saɓa ƙa'ida. Bayan haka a fitar da takarda guda mai ma'aunai da inci da santimita wadda mai walda zai karanta, a kuma rubuta a ƙasanta cewa a kunna akwatin kwana uku babu ƙwai, da ma'aunin zafi na dabam a kowace kusurwa, kafin a zuba na farko.